Haƙorin ƙurya ya kumbura sau uku, Inna ta hana a cire

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 26, ina goyon yarinya 'yar wata bakwai. Haƙorina na can ƙurya, na ƙasa ta hagu, ya leƙo rabi ya tsaya, nama ya rufe sauran. Cikin shekara guda sau uku yana kumbura mini. A na baya-bayan nan da ƙyar cokali yake shiga bakina, ga wari, ga zazzaɓi. Duk sanda ya tashi sai maigidana ya karɓo mini Ampiclox da Flagyl a kemis, ya lafa. Na je asibiti, likitan haƙori ya ce sai an yi ɗan aiki an fitar da shi. Innata ta ce atafau ba ta yarda ba, wai cire haƙori yana taɓa ido, kuma allurar za ta ɓata mini nono. Maƙwabciyata kuma ta ce akwai mai cirewa a kasuwa, minti biyar ya gama, kuɗin ba yawa. Ni dai tsoro nake ji, kuma ba na son saɓa wa Inna. Don Allah mece ce shawara?

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, sannu da goyo. Ciwon haƙori ga mai shayarwa ba ƙaramar jarrabawa ba ce: ke ba barci, ke ba abinci, ga yarinya tana neman nononta ba ruwanta da halin da kike ciki. Shawarata ita ce ki koma wurin likitan nan, a ɗauki hoton haƙorin, a sa rana a cire shi. Ba a kasuwa ba, a asibiti. Sauran abin da zan faɗa bayani ne na dalilina, da yadda za ki bi da Inna ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Kada ki ɗauka ina cikin masu cewa duk haƙorin ƙurya sai an tumɓuke shi. Babban mutum yana da haƙora 32, huɗu na ƙarshe su ne waɗannan da wasu ke kira haƙoran hankali, don ba sa fitowa sai mutum ya mallaki hankalinsa, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25. Mutane da yawa nasu yakan fito tsaf, su ci tuwo da shi har tsufa. Wasu nasu yana kwance cikin ƙashi shiru, ba ya damun kowa. A Amurka an daɗe ana cire wa matasa su tun kafin su yi ciwo. Ingila kuwa, a shekarar 2000, hukumarsu mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce a daina taɓa wanda bai kawo matsala ba. Ni ra'ayin Ingila ya fi kwanta mini. Amma ko a wannan ƙa'idar mai sassauci, kumburin farko kaɗai ake ɗaga wa ƙafa, shi ma idan bai yi tsanani ba. Da zarar ya maimaita, ya shiga sahun waɗanda ake cirewa. Naki sau uku ya tashi, na ukun har ya ɗaure miki baki. Ya riga ya nuna halinsa.

Ga abin da ke faruwa a bakinki. Haƙorin bai sami fili ba, ya fito rabi, dasashi ya yi masa hula. Ƙarƙashin wannan hular akwai aljihu, kuma duk abin da kika ci sai ɗan guntunsa ya maƙale a ciki. Buroshi ba ya kaiwa, asuwaki ba ya kaiwa. Abincin ya ruɓe, ƙwayoyin cuta su taru, naman ya kumbura. Da ya kumbura sai haƙorin sama ya riƙa dannarsa duk sanda kika rufe baki, ya ƙara masa rauni. Warin da kike ji daga nan yake, mugunya ce take tsattsafowa. Maganin kemis yana rage ƙwayoyin cutar, shi ya sa kike samun sauƙi, amma ba ƙwayar da za ki haɗiya ta toshe aljihun. Yana nan, gobe zai sake cika. Kuma yawan shan waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, kwana biyu a ajiye da an ji dama, shi ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, har ranar da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi ci. Ki faɗa wa maigida, na san don tausayi yake yi, amma ya daina karɓowa sai da takardar likita.

Ina faɗa miki wannan ne da zafin abin da ya same ni. Nawa ma na ƙasa ne, ya kwanta ya jingina da turmin da ke gabansa. Shekara huɗu ina lallaɓa shi da kanumfari da ruwan gishiri, duk sanda aka ce in je a cire sai in ce sai bayan salla, sai bayan bikin wance. Ranar da na je, hoto ya nuna abincin da ke maƙalewa tsakaninsu ya cinye bayan turmin nan mai lafiya har ya kai ga jijiyarsa. Haƙori biyu na rasa maimakon ɗaya, kuma na biyun shi ne wanda nake tauna da shi. Har yau idan harshena ya faɗa gurbin sai na tuna da jinkirin nan. Shekarunki 26, ƙashinki bai gama tauri irin na ɗan shekara arba'in ba, aikin ya fi sauƙi yanzu, warkewa ma ta fi sauri.

Asarar haƙori ma ƙarama ce a kan abin da nake tsoro a kanki. Tushen turamen ƙasa yana kusa da wasu kafofi masu gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya. Idan mugunya ta sami hanya ta bi can, ƙasan haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama, hanyar numfashi ta matse. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo tun 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kashe mutane a asibitocinmu, yawanci waɗanda aka kawo a makare bayan an sha maganin kemis an gaji. Don haka ki riƙe waɗannan alamu, ki karanta wa maigida su: kumburi ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi ko wuya, haɗiyar yawu ta gagara, murya ta canza, numfashi ya yi nauyi, zazzaɓi mai zafi, ko baki ya ƙi buɗuwa. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku a jere tsakanin haƙoran gaba, idan naki biyu ma ba sa shiga, ba lafiya. Duk wadda kika gani a cikinsu, ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi sashen gaggawa. Ba a jiran gari ya waye da wannan.

Yanzu maganar Inna. Ba ita ta ƙirƙiro zancen ido ba, ni ma da shi na tashi, kuma ina jin na san inda ya samo asali. Idan haƙorin sama ya ruɓe, kumburinsa yakan hau kunci har ya rufe ido. Sai a kai mutum a cire masa haƙorin a wannan hali, wataƙila da kayan da ba su da tsabta, ciwon ya ci gaba, mutane su ce cirewar ce ta taɓa idon. Alhali ruɓar ce. Jijiyar gani daga bayan ƙwayar ido take tashi ta shige ƙwaƙwalwa, ba ta ratsa muƙamuƙi, ba abin da ya haɗa ta da tushen haƙori. Naki ma na ƙasa ne, ya fi kowane nisa da ido. Batun nono kuwa, allurar da ake kashe wurin da ita, wadda galibi lidoken ce, abin da ke shiga nono daga cikinta kaɗan ne ƙwarai, kuma likitoci ba sa hana shayarwa saboda ita. Kina dawowa gida za ki iya ba yarinya ta sha. Farasitamol da ibufurofen ma mai shayarwa tana shan su. Waɗanda za ki guje wa su ne asfirin, kodin da tiramadol, saboda yarinyar. Ki sanar da likita tun farko cewa kina goyo, zai zaɓa miki abin da ya dace.

Amma ba zan ce miki aikin ba shi da haɗari ko kaɗan ba, don yana da shi, sai dai ba a ido yake ba. A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke bi ta wani ɗan rami ƙarƙashin tushen haƙora, ita ke sa ki ji taɓi a leɓenki na ƙasa da haɓa. Wata kuma tana bi ta gefen ciki, ita ke kula da ji da ɗanɗano a gefen harshe. Tushen haƙorin ƙurya wani lokaci yana zaune dab da ta farkon. Idan aka goge ta wajen aiki, leɓe ko harshe yakan yi dundum kamar allurar ba ta sake shi ba. Cikin mutum ɗari, 'yan kaɗan ne ke samun haka, kuma mafi yawansu yana warwarewa cikin makonni ko watanni. Waɗanda nasu ke zama dindindin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wannan shi ne dalilin hoto. Akwai hoton eksire mai faɗi wanda ke nuna muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne, a nan likita zai ga yadda haƙorin ya kwanta, yawan saiwoyinsa, da tazararsa da jijiyar. Ki tambaye shi kai tsaye: tushen ya kusa jijiya? Wa zai yi aikin, kuma ya saba yin irinsa? Ba rashin kunya ba ne, bakinki ne. Idan tushen ya rungumi jijiyar sosai, akwai dabarar da ake yi a yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a ciki, nama ya rufe ta. Ba kowa ta dace da shi ba, likita ne zai duba ya gani.

Shi kuwa mutumin kasuwa, ki gode wa maƙwabciyarki, ki bar zancen a nan. Haƙori mai girgiɗi wanda ya fito sarari wataƙila ya iya fizge shi. Naki rabinsa yana cikin ƙashi. Ba shi da hoto, bai san inda jijiya take ba, abin da yake da shi ƙarfin hannu ne. Ƙarshenta kan haƙorin ya ɓalle, saiwa ta zauna a ciki cikin mugunya, wani lokaci har ƙashin ya tsage. Ga kuma ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga naki, an ɗauraye shi a bokiti. Ta irin wannan hanya ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suke bi, kuma ke kina shayarwa. Araha ba ta ado, a nan ma ba arahar ba ce, don gyaran ɓarnar ya fi aikin farko tsada.

Kina Kano, kin yi sa'a. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da tiyatar baki da muƙamuƙi, Asibitin Murtala ma yana da sashen haƙori. Masu karatu na wajen Zariya suna da asibitin koyarwa na Shika, na Sakkwato suna da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan likitan da ya fara ganinki ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su ya tura ki gaba, wannan alamar likitan kirki ce. Ki tambayi kuɗin hoto da na aiki tun kafin ranar, don maigida ya shirya, idan kuma yana cikin inshorar lafiya ta ma'aikata ya bincika abin da ta ɗauke. Ki faɗa wa likita komai: ko kina da sikila, ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, asma, ko jininki yana daɗewa bai tsaya ba in kin yanke, ko wani magani ya taɓa fesa miki ƙuraje. Idan kina zargin shigar sabon ciki, shi ma ki faɗa kafin a ɗauki hoto. Kuma idan kin je da kumburi, kada ki yi mamaki in ya wanke ƙarƙashin naman ya ba ki magani ya ce ki dawo bayan kwanaki. Allura ba ta kama wuri mai mugunya da kyau, baki a ɗaure kuma ba ya ba da hanyar aiki.

Ranar aikin ki ci abinci kafin ki fita, in dai ba an ce za a sa ki barci ba, kada ki je da azumi a bakinki. Yawanci ido biyu ake yi. Allurar ce kawai za ki ji, kamar cizon cinnaka, bayan 'yan mintuna rabin leɓe da rabin harshe su yi nauyi. Daga nan abin da za ki ji dannawa ne da turawa da ƙarar inji, ba zafi ba. Idan kin ji zafi na gaske ki ɗaga hannu, za a ƙara allura, babu lada a daurewa. Zai ɗan tsaga dasashi, wataƙila ya rage ɗan ƙashin da ya rufe haƙorin, sau da yawa yakan raba haƙorin gida biyu ko uku ya fitar da shi gutsure-gutsure. Kada wannan ya firgita ki, da gangan ake yi don a tausaya wa ƙashi da jijiya. Sai ɗinki biyu ko uku. Galibi ba ya kai awa guda.

Abin da ya rage a hannunki yake, kuma duk ya taru ne a kan abu ɗaya: gudan jinin da zai daskare a cikin gurbin. Shi ne murfin ƙashin, a ƙarƙashinsa sabon nama zai tsiro. Ki cije audugar da aka sa miki da ƙarfi kamar rabin awa, ba magana, ba leƙawa. Awa 24 na farko ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abin sha da tsinken roba, ba abu mai zafi, ba zungurar wurin da harshe. Yawu zai riƙa fitowa ja-ja, ba komai ba ne. Idan jini ya ɓalle sosai, ki naɗe tsumma mai tsabta ki cije minti 20 kina zaune. Idan ya ƙi tsayawa bayan kin maimaita, ki koma asibiti. Mata da yawa suna tambayata alwala. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kurkure baki sunna ce, ba farilla ba. Ranar farko ki ɗan sa ruwan ki sunkuya ya zubo da kansa, ko ki bari, alwalarki ta yi. In zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malaminku.

Daga rana ta biyu sai ki fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, ki riƙe a wurin ki juya kai a hankali, bayan kowane cin abinci, har mako guda. Sauran haƙora ki ci gaba da goge su. Kumburi zai ƙaru ne kafin ya ragu, ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, baki ma zai yi tauri. Na san Inna za ta so ta gasa miki kunci da ruwan zafi, ki roƙe ta a ranar farko ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora miki maimakon haka. Abinci kuwa, mai shayarwa ba ta zama da yunwa: kunun gyaɗa ko koko da ya huce, fura da nono da aka dama ta yi laushi, ayaba, dafaffen ƙwai, dankali a murƙushe, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji, ki tauna ta dama. Ƙuli-ƙuli, aya, rake, kilishi, tsire da dambu su jira ki mako biyu. Shinkafa ma ki ɗan ɗaga mata ƙafa, ƙwayarta tana son faɗawa gurbi. Ga maza masu karanta wannan, sigari da shisha su ne kan gaba wajen lalata gurbin, a haƙura da su ko na mako guda ne.

Idan a rana ta uku zuwa ta biyar, bayan kin fara jin sauƙi, wani sabon zogi ya taso yana harbawa har kunne, ga ɗoyi a baki, to gudan jinin ne ya fita ya bar ƙashi a buɗe. Yana da zafi ƙwarai amma ba ya kisa, kuma ba alamar an yi miki aikin banza ba ne. Kada ki cusa masa komai. Ki koma, likita zai wanke ya sa magani a ciki, yawanci a ranar ake samun sassauci. Ki koma kuma idan leɓe ko harshe bai farfaɗo ba washegari, ko kumburi ya ci gaba da hauhawa bayan kwana uku.

Inna kuwa, kada ki je mata da gardama, kada ki ce mata zancenta camfi ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle uwa da 'ya, kuma abin da ya sa ta kafe tsoron kada ta rasa idon 'yarta ne. Ki same ta ita kaɗai, ki buɗe baki ki nuna mata yatsu nawa suke shiga ranar da ya tashi. Ki ce mata likita ya ce barinsa na iya gangarawa wuya. Sannan ki roƙe ta ta raka ki ranar hoto, ta yi wa likita tambayar ido da ta nono da bakinta, ta ga hoton da idonta. Iyayenmu sukan sauko idan aka sa su cikin magana, abin da ba sa so shi ne a yanke hukunci a bayansu. Idan akwai yayarta ko ƙaninta da take jin maganarsa, maigida ya je ya same shi cikin ladabi. Kuma ki ba ta aiki: kina buƙatar wanda zai riƙe miki yarinya kwana biyu ko uku, ya dama miki kunu, ba wanda ya fi ta. Ki nemi ta sa miki albarka kafin ki shiga.

Kafin ranar ta zo, ki riƙa kurkure wurin da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci, ki sa ƙaramin buroshi mai laushi ki share bayan haƙorin ko da yana ɗan jini. Kanumfari yana ɗan kashe zogi, babu laifi. Amma kada ki bari kowa ya ɗora miki asfirin, kanwa, turare, fetur ko ruwan batir a kan dasashi, ƙona naman suke yi su bar gyambo. Farasitamol kada ya wuce ƙwaya biyu sau huɗu a yini, ibufurofen kuma sai bayan kin ci abinci, in kina da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ki bar shi. Ki je a cikin makon nan tun bakin yana buɗuwa, kada ki jira kumburi na huɗu. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yarinya, ki gaishe mini da Inna.